Kunyar 'Yar Fari da Gado na Shida

Daga:
Hamani Sule,
Injiniyan gona da ya ajiye aiki,
Mamba mai lamba 7 a Ƙungiyar Inuwar Gawo,
Keita.

Zuwa ga:
Mai girma Alhaji Abdoulkadir Alhusaini,
Shugaban Kwamitin Zartarwa,
Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai ta Inuwar Gawo (Madawa, Buza, Keita),
Biron Ƙungiya, Madawa.

Keita, Litinin 20 ga Oktoba, 2025.

Game da: Ƙorafi a kan hukuncin ranar 13 ga Satumba, 2025, wanda ya cire ɗaliba Mansura Jima daga tallafin Asusun Tsani bisa zargin ƙarya, da roƙon a gyara kafin ranar 31 ga Oktoba.

Ranka shi daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan kai da iyali kuna lafiya, an kuma fara shigar da amfanin gona cikin rufin asiri, ina neman izini in gabatar da kukana a rubuce. Na kira waya, na yi tattaki har sau biyu, ban samu kunnen da ya saurare ni ba. Ka san yawancin abin da zan faɗa, amma zan shimfiɗa shi daga tushe, domin takardar nan za ta shiga dosiye, wata rana kuma wanda bai san mu ba zai iya buɗe ta.

A shekarar 2016 mu arba'in da uku muka zauna a Madawa muka kafa Asusun Tsani. Manufarmu ɗaya ce: yaro ko yarinya da ya ci bak, jarrabawar kammala sakandare, alhali babu uwa ko uba a gidansu da ya taɓa taka jami'a, kada ya tsaya a bakin ƙofa don rashin mai riƙe masa hannu. Kowa ya kawo abin da yake da shi. Wani kuɗi, wani buhun hatsi, wani ya ɗauki nauyin mota. Hajiya Suwaiba, ungozomar asibiti da ta ajiye aiki, mutumiyar Tamaske, ta ba da sashe guda na gidanta da ke Tawa don 'yan mata, ita ce kuma ke kula da shigarsu da fitarsu. Ni na sa mai walda a nan Keita ya ƙera gadaje shida na ƙarfe, na ɗora su a mota na raka su har Tawa. Aya ta 4 ta dokar asusu, wadda ta ce tallafin na wanda iyayensa ba su yi jami'a ba ne, ni na rubuta ta da hannuna. Ban san da ita za a yanka ni ba.

Mansura ɗiyar ƙanena ce, Jima Sule, da matarsa Cima. Manoma ne a Zangon Kalgo, ƙauyen da ke gaba da Tamaske. Daga Jima har Cima babu wanda ya taɓa zama a benci na makaranta. Mansura ita ce 'yar farinsu. Da ta gama firamare, ƙauyen ba shi da kwaleji, sai ta zo gidana ta zauna shekara bakwai, kamar yadda kowannenmu ya zauna a gidan wani lokacin da muke karatu. A watan Yuli na bana ta ci bak tun zagayen farko, jami'ar Tawa kuma ta karɓe ta a sashen shari'a. Ubanta ya amince ta tafi, amma da sharaɗi guda: ba za ta kwana ko'ina a Tawa ba sai gidan Hajiya Suwaiba, don ya san ta, ya san iyayenta. Gadaje biyar sun samu masu su. Na shida shi ne ake magana a kai, kuma an sanar cewa ranar Juma'a 31 ga Oktoba za a ba da shi ga wata ɗaliba.

Ga ƙorafe-ƙorafena.

1. A kan yadda aka yi bincike.

Ranar Alhamis 21 ga Agusta, Sakataren kwamiti, Malam Mahdi Yaƙubu, ya isa Zangon Kalgo da misalin ƙarfe sha ɗaya na safe don tantance gidan ɗalibar. Lokacin maimai ne, wato noma na biyu. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san cewa ranar Alhamis ta Agusta da hantsi ba a samun namiji mai lafiya a cikin gari. Jima yana gona, Mansura ma tana can ta kai masa fura. Malam Mahdi bai aika a kira su ba. Hadari ya haɗo a gabas, yana tsoron kada ƙorama ta cika ta tare masa hanya, wannan kuwa ban ga laifinsa ba. Laifin da na gani shi ne, mutumin da ya zo yanke shawara a kan rayuwar yarinya bai yi minti ashirin a garin ba.

Ya tarar da Cima a ƙofar gida tana surfe tare da mata huɗu na maƙwabta. A gabansu ya tsaya, da takarda a hannu, ya kama sunan yarinyar tiryan-tiryan, ya tambayi Cima ko ita ta haife ta. Cima ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce ba tata ba ce, ɗiyar Injiniya ce na Keita. Matan suka bushe da dariya. Ya sake tambaya, ta maimaita. Da ya tambaya karo na uku, ta jingine taɓarya ta shige ɗaki. Shi ke nan binciken. Bai leƙa wurin maigari ba, bai nemi liman ba, bai tambayi ko tsohuwa ɗaya cikin matan abin da ya ba su dariya ba. An ce matambayi ba ya ɓata, amma sai in ya san wanda zai tambaya da inda zai tambaye shi.

2. A kan yadda kwamiti ya karanta rahoton.

Ranka shi daɗe, a nan ne abin ya fi yi mini ciwo. Ina jin nauyin in zauna ina yi wa dattawan ƙasarmu ta Adar bayanin kunyar ɗan fari, amma tunda abin ya kai haka, zan yi. Mace a wurinmu ba ta kama sunan ɗanta na fari. Ba ta yaba shi a gaban mutane, ba ta nuna shi ta ce nawa ne. In an tambaye ta, sai ta jingina shi ga kaka, ko ga wan miji, ko ga duk wanda ya riƙe shi. Wannan ba ƙarya ba ce, kara ce, kuma kowa ya san ma'anarta. Shekara goma sha tara Cima tana ce wa yarinyar nan "waccan", daga baya kuma "ta Keita". Ranar suna ma, da aka raɗa sunan, bayan ɗaki ta zagaya.

Ga abin da Malam Mahdi ya rubuta, na fassara shi daga Faransanci kalma da kalma: "Matar gidan ta tabbatar sau biyu cewa ɗalibar ɗiyar Injiniya Hamani Sule ce, mai digirin jami'ar Yamai. Maƙwabta sun yi dariya, abin da ke nuna cewa sun san da yaudarar." Matan nan dariyar baƙon da ya yi tambayar da ba a yi suke yi. An ɗauki dariyarsu an mai da ita shaida.

Na yi wa Malam Mahdi uzuri. Ya daɗe a waje, kuma shi auta ne a gidansu, ya tashi ana kiran sunansa daga safe har yamma. Amma mutum bakwai ne suka zauna a kan rahoton nan ranar Asabar 13 ga Satumba. Dukansu an yanke musu cibiya tsakanin Bangi da Keita. Babu ɗaya da ya ɗaga hannu ya ce a dakata, a duba ko yarinyar nan 'yar fari ce. An gaya mini zaman ya ɗauki awa uku, kuma fiye da rabinsa ya tafi a kan launin rigar da za a buga don bikin cikar ƙungiya shekara goma.

Ka yi mini afuwa in tuna maka abu guda, ba don raini ba. A shekararmu ta farko a kwalejin Madawa, wani direba ya kawo ƙunshin ƙuli-ƙuli da garin rogo daga Bangi, ya ce tsohuwa ta ce a ba Baƙo. Mai kula da ɗalibai ya buɗe rajista ya bi ta daga sama har ƙasa, babu Baƙo. Har direban ya juya zai koma da kayan, ni na ruga na ce Abdoulkadir ake nufi. Mahaifiyarka, Allah shi jiƙanta, har ta koma ga Ubangijinta ba ta kama sunanka ba. Da Malam Mahdi ya je mata da takardarsa a wancan lokaci, da ya rubuta cewa kai baƙo ne a gidanku. Na san ba ka halarci zaman 13 ga Satumba ba, kana Yamai wurin likita. Amma sa hannunka ne a ƙasan hukuncin.

3. A kan yanke hukunci ba tare da jin ta bakin kowa ba.

Aya ta 7 ta ce mamban da ɗan'uwansa ke neman tallafi ba zai zauna a tantancewa ba. Na bi doka, na zauna a gida. Ban kira kowa ba, ban aika wa kowa gaisuwar da za ta yi kama da kamun ƙafa ba. Ashe shirun da na yi don kare mutuncin asusu shi aka fassara da cewa na ɓuya. Wayata tana hannun kowane ɗan kwamiti. Suna kirana in an zo tara hatsin shekara, ba su taɓa kuskuren lamba ba. Ranar da aka zarge ni da sa wa ɗiyata sunan ƙanena don in ci tallafin marasa ƙarfi, babu wanda ya tuna da lambar.

Ba a ji Jima ba. Ba a ji Mansura ba. Aka zartar da aya ta 9, wadda ta ce duk wanda aka kama da ƙarya an rufe masa ƙofar asusu har abada. Wato ba bana kaɗai aka hana ta ba, ko baɗi ba ta da damar sake nema.

4. A kan yadda aka isar da hukuncin.

Takardar tana ɗauke da kwanan wata 15 ga Satumba, ta isa Zangon Kalgo ranar Laraba 24. Da Faransanci aka rubuta ta, aka aika wa mutumin da kwamiti da kansa ya san ba ya karatu. Mansura tana Keita a ranar. Jima ya ga hatimin ƙungiya, ya ɗauka albishir ne. Don murna bai jira ya kai ta ɗaki ba, bayan sallar la'asar ya miƙa wa mushen makarantar garin, wato malamin boko, a ƙofar masallaci ya ce ya karanta kowa ya ji. Mushen ya fara fassarawa da ƙarfi, sai da ya kai tsakiya ya gane abin da ke ciki, lokacin kuwa magana ta riga ta fita. A gaban liman da dattawan gari ƙanena ya ji cewa shi maƙaryaci ne, kuma ɗiyar da ya yanka wa rago ba tasa ba ce.

Ina so kwamiti ya san ko wane ne wannan mutum. Lokacin da aka zo ɗibar yara zuwa makaranta a garinmu, ni aka kama. Da shekarun Jima suka kai, mahaifinmu ya ce ɗa ɗaya ya isa a ba boko, ya saka shi cikin rumbu ya rufe har masu rubuta sunaye suka wuce. Ni na zama injiniya, shi ya zama mai noma abin da nake ci in na zo hutu. Ranar da zan tafi Yamai karatu yana yaro, shi ya ɗauki akwatina a ka har bakin hanyar mota. Bai taɓa yi mini gori ba. Shekara bakwai ina lallashinsa ya yarda cewa boko ba ta raba ɗa da iyayensa. Yau ga takarda daga 'yan boko, da hatimi, ta raba shi da ɗiyarsa a rubuce. Ya ninke ta ya sa a aljihu, ya aiko mini cewa a bar maganar, yarinya ta dawo gida, akwai aikin albasa in rani ya shigo. Na roƙe shi ya ba ni zuwa ƙarshen Oktoba. Ya ba ni, don ni wansa ne, ba don ya sa rai ba.

5. A kan tafiyata biyu zuwa biron Madawa.

Ranar Talata 30 ga Satumba na zo. Na tarar da biro a rufe, an ce Sakatare ya tafi ɗaurin aure Buza. Na bar takardu wurin mai shagon da ke jikin biro, na koma. Ranar Alhamis 9 ga Oktoba na sake zuwa, na tarar da takardun nan a inda na bar su, an ɗora musu kwalin sukari.

A ranar na ga Malam Mahdi. Na ba shi takardar haihuwar Mansura, da littafin makarantarta tun daga aji ɗaya, da shaidar maigarin Zangon Kalgo da ta liman, kowanne da dangwalen yatsansa. Ya karɓe ni da ladabi, ya sa aka kawo mini ruwa, ba zan yi masa ƙarya ba. Amma ya ce takardar haihuwar ba ta asibiti ba ce, ta alƙali ce da aka yi lokacin shigarta makaranta, kuma irin wannan kowa na iya sa sunan da ya ga dama. Ranka shi daɗe, irin wannan takarda ce da ni, ita ce da kai, ita ce da kusan duk wanda asusun nan ya taɓa tallafa wa. Wace yarinyar ƙauye aka haifa da hatimi a hannu? Ya ce shaidar maigari da liman shaidar zumunci ce. Ya ce maganar uwa ta fi kowace takarda, kuma tunda uwa ce ta faɗa, uwa ce kaɗai za ta warware. Sharaɗinsa shi ne Cima ta zo Madawa, ta tsaya a gaban kwamiti, ta kama sunan yarinyar da bakinta, ta ce ita ta haife ta.

Na tambayi ranar zama na gaba. Ya duba kalanda ya ce 15 ga Nuwamba. Na tuna masa cewa za a ba da gadon 31 ga Oktoba, motar ɗalibai kuma za ta tashi 2 ga Nuwamba. Ya ce wannan wani fanni ne, ba a hannunsa yake ba. Na fito daga biron nan raina a ɓace irin ɓacin da ban taɓa yi ba a shekara talatin da biyar na aikin gwamnati, kuma na ga abubuwa a aikin gwamnati.

6. A kan abin da wannan kuskure zai jawo wa asusu.

Ba wanke sunana na zo nema ba. Na tsufa, waɗanda suka san ni sun san ni. 'Ya'yana uku sun yi jami'a, babu wanda na kawo sunansa gaban asusun nan. Wasu sun ce mini tunda ina da hali, in biya mata in huta. Kuɗin rajista zan iya. Abin da ba zan iya saye ba shi ne amincewar Jima, kuma amincewarsa tana kan gado ɗaya ne a gidan mace ɗaya. Na yi magana da Hajiya Suwaiba, ta ce ita da ranta tana son yarinyar, amma ta ba ƙungiya sashen nan amana, ba za ta sa kowa a ciki ba sai da takardar kwamiti. Gaskiyarta.

Mambobi uku a nan Keita sun ji labari, sun ce ba za su aika hatsin bana ba. Na bi su gida-gida na hana su, don 'yan matan da ke kan gadaje biyar ɗin ba su yi wa kowa laifi ba, ba a barin jaki a daki taiki. Nawa buhunan suna nan a zaure, an ɗinke bakinsu, za su zo kamar kowace shekara ko an gyara ko ba a gyara ba. Ban rubuta wannan don barazana ba.

Abin da nake so a duba shi ne, yaran da muke nema, na farko a gidansu da za su shiga jami'a, da yawansu 'yan fari ne. Su ake fara kai wa makaranta, su ake ba dangi riƙo a birni. In za mu ci gaba da tura mutum da takarda ya tare uwa a gaban abokan surfe da maƙwabta ya ce ta kama suna, to, mun kafa asusu don na fari, mun kuma kafa tarkon da na fari kaɗai zai kama. Mu da aka kai makaranta don mu dawo mu yi wa iyayenmu tafinta, mun dawo ba mu jin harshensu.

7. A kan abin da ya faru ranar Juma'a 17 ga Oktoba.

Ban gaya wa Cima sharaɗin Malam Mahdi ba. Ban ga fuskar da zan dube ta da ita in faɗa ba. Amma magana ba ta kwana a ƙauye, ta ji. Ranar Juma'a da hantsi sai ga ta a ƙofar gidana, ita kaɗai, ta shigo motar 'yan kasuwa. Shekara bakwai ɗiyarta na cikin gidan nan, ba ta taɓa taka shi ba, saboda wannan kunya ɗin dai. In ta yi dakan fura ko ta samu kuka mai kyau, sai ta aiko ta ce a ba yaran gida, mu kuma mun san wa take nufi.

Ba ta yarda ta zauna da ni ba. Ta shiga wurin matata Rabi, ta ce ita ba za ta iya tsayawa gaban maza bakwai ba, amma ta ji ana cewa waya tana riƙe magana. Ta sa aka aiki Mansura kasuwa. Ta sa aka fitar da kowa daga tsakar gida, har ni. Rabi ta danna mata wayar ta juya mata baya. Rabi ta ce sau huɗu tana farawa tana tsayawa daidai wurin sunan. A na biyar ta faɗa. Ta faɗi sunanta, ta faɗi sunan mijinta, ta kama sunan yarinyar, ta ce ita ta ɗauki cikinta, ita ta haife ta a ɗakin uwarta ranar wata Laraba da kaka. Maganar duka ba ta kai rabin minti ba. Da ta gama ta ajiye wayar a tabarma, ta ƙi cin abinci, ta kama hanyar tasha tun kafin yarinyar ta dawo.

Ni ban saurara ba. Rabi ce ta ji, ita ma da bayanta a juye. An sauke maganar a kan katin waya, an share ta daga wayar, katin yana cikin ambulan da ke tare da wannan takarda.

Saboda haka, ranka shi daɗe, cikin ladabi nake roƙon waɗannan abubuwa:

(a) Ka yi amfani da ikon da aya ta 11 ta ba Shugaba, ka dakatar da ba da gado na shida har sai an sake duba maganar.

(b) Ka kira zaman gaggawa kafin ranar 31 ga Oktoba, a soke hukuncin 13 ga Satumba, a cire sunan Mansura Jima daga ƙarƙashin aya ta 9, a sa shi cikin waɗanda za su hau motar 2 ga Nuwamba.

(c) A rubuta wa Jima Sule takarda da Hausa, a aika ɗan kwamiti ya karanta ta a ƙofar masallacin Zangon Kalgo bayan la'asar. Inda aka zubar da mutuncinsa, nan ya kamata a kwashe.

(d) A gyara tsarin bincike. A riƙa sanar da gida kafin a je, a tambayi uba da maigari da tsofaffin mata, kada a sake tilasta wa wata uwa abin da aka tilasta wa Cima. In ana bukatar mai rubuta gyaran, ni da na rubuta aya ta 4 ina nan.

(e) Wannan shi ne roƙon da ya fi kowanne nauyi a wurina. Ka saurari katin nan kai kaɗai. Kada a kunna shi a zaman kwamiti, kada ya shiga zauren ƙungiya na waya inda ake tura gaisuwar Juma'a. Ka ji da kunnenka, ka shaida wa sauran cewa ka ji, maganarka ta ishe su. Na zaɓe ka don kai ne Shugaba, na kuma zaɓe ka don kai ne Baƙo, ka san abin da ya ci wa matar nan kafin sunan ya fita daga bakinta.

In ka gama, ka mayar mini da katin. Mansura ba ta san da shi ba. Shekararta goma sha tara a duniya ba ta taɓa jin sunanta a bakin uwarta ba, kuma ba daidai ba ne a ce ƙungiya ta riga ta mallakar wannan. Niyyata in sa mata shi a ƙasan akwati ranar da za ta tafi, ta saurara in ta isa Tawa, a kan gadon da aka ƙera don irinta. In kuwa aka ba da gadon ranar 31, sai in san yadda zan gaya wa Cima cewa ta faɗi sunan, amma bai isa ba. Ina roƙonka don Allah kada ka bar ni da wannan aike.

Ina neman afuwa in zafin rai ya sa alƙalamina ya wuce iyaka a wani wuri. Allah shi ƙara maka lafiya, shi yi maka jagora a kan wannan amana, shi sa mu gama da iyayenmu lafiya.

Naka cikin girmamawa da biyayya,

Hamani Sule
Mamba mai lamba 7
Keita

Abubuwan da ke haɗe:
1. Kwafin takardar haihuwar Mansura Jima.
2. Kwafin littafin makarantarta da sakamakon bak.
3. Shaidar maigari da ta limamin Zangon Kalgo.
4. Kwafin hukuncin kwamiti, wanda Jima ya ninke.
5. Katin waya ɗaya a cikin ambulan da aka liƙe. Na Shugaba ne shi kaɗai.